Tafawa Ɓalewa: Malamin makarantar da aka riƙa yin tsit idan ya miƙe magana

Kwanakin baya na halarci bikin yaye ɗalibai a wata makaranta da ke Rido, kudu da Kogin Kaduna. Babban baƙo ya karɓi makirfo, ya kafa wa takardarsa ido, ya yi ta karatu kusan awa guda bai ɗago kai ba. Iyaye mata suka koma hirarsu, yara suka watse, maza kuwa kowa ya duƙufa a kan wayarsa.

Wani saurayi da ke kusa da ni ya toshe kunnuwansa yana kallon bidiyo. Da na leƙa sai na ga tsohon hoto ne marar launi, ga wani mutum cikin babbar riga da rawani yana jawabi a natse. Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, Firaministan Najeriya na farko. Saurayin ya bar mai jawabin da ke tsaye a gabansa, ya koma sauraron wanda ya bar duniya tun 1966.

Wannan ya sa na koma bin tarihin mutumin da aka yi wa laƙabi da Mai Muryar Zinaren Afirka, don in ga inda ya samo wannan baiwa, abin da ya yi da ita, da kuma inda ta kasa.

Daga allo zuwa Kwalejin Katsina

An haifi Abubakar a watan Disamba na 1912 a garin Tafawa Ɓalewa da ke Lardin Bauchi. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, yana aiki ne a ƙarƙashin Hakimin Lere, sunan mahaifiyarsa kuma Fatima Inna. Bai gaji sarauta ba, bai kuma tashi cikin dukiya ba. A zamanin da asali ke buɗe wa mutum ƙofa a Arewa, shi abin da ya shigo da shi fagen jama'a shi ne ilimi da harshe.

Ya fara da karatun allo, ya yi elemantare a garinsu, ya wuce makarantar lardi a Bauchi. A 1928 ya shiga Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922 don horar da malamai. Ita ce daga baya ta koma Kaduna, ta sake komawa Zariya, ta zama Kwalejin Barewa. Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, yana gaba da shi a makarantar.

An san Kwalejin Katsina da tsanantawa a kan furucin Turanci. Malamanta ba sa barin ɗalibi ya haɗiye harafi ko ya yi gaggawar magana. Duk wanda ya saurari tsofaffin faifan 'yan Arewa da suka fito daga can zai ji wannan horo a bakinsu. Abubakar ya haɗa horon da murya mai kauri da Allah Ya ba shi, ya kammala a 1933.

Marubuci kuma malamin aji

A shekarar da ya gama makaranta, Rupert East na ofishin fassara da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga gasar ne aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Littafin nasa labari ne na bauta da rabuwar uwa da ɗanta, kuma ya gina shi ne a kan wani malami da ke zaune yana ba almajiransa tarihin rayuwarsa. Wato tun yana ɗan shekara ashirin da ɗaya, da ya ɗauki alƙalami, mai magana da masu sauraro ya hango. Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Turanci a 1967, Adamu Halilu kuma ya mayar da shi fim a 1976.

Ya koma Bauchi ya kama koyarwa a Makarantar Midil, har ya zama hedimasta. Fiye da shekara goma ya yi yana tsayawa gaban yara kullum. Duk malamin da ya san aikinsa ya san cewa aji ba ya ɓoye maka gaskiya: idan ka yi sauri za a rasa ka, idan ka tsawaita za a yi gyangyaɗi, idan ba ka shirya ba yaran baya za su gane. A nan ya koyi jera magana daki-daki, da dakatawa bayan muhimmiyar jimla, da duban fuskokin mutane.

A farkon shekarun 1940 Bauchi ta zama matattarar matasa masu ilimi. Akwai Malam Sa'adu Zungur, akwai Malam Aminu Kano wanda shi ma yake koyarwa a Midil. Suka riƙa haɗuwa a wani zauren tattaunawa, inda malamai da ma'aikatan En'e da jami'an Turawa ke muhawara a kan mulki da ci gaba. Da tambayoyin suka fara zafi, hukuma ta dakatar da zaman. A wannan zaure aka ga bambancin halin mutanen uku. Sa'adu da Aminu suna da kaifin harshe da saurin kai hari. Abubakar yakan jira, ya auna, sannan ya yi magana.

A 1945 yana cikin malaman Arewa da aka tura Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan. Ya dawo a 1946 ya ci gaba da aikin ilimi a ƙarƙashin En'e ta Bauchi. A shekarar aka zaɓe shi zuwa Majalisar Wakilai ta Arewa da ke Kaduna, a 1947 kuma ya shiga Majalisar Dokoki ta ƙasa.

Ranar da ya taɓa abin da ba a taɓawa

Jama'a sun fi sanin jawabinsa na ranar samun 'yancin kai. Amma jawabin da ya fi jefa shi cikin haɗari a nan Kaduna ya yi shi, a watan Agusta na 1950, a gaban Majalisar Wakilai ta Arewa, wadda ginin Lugard Hall ya zama mazauninta.

A lokacin, tsarin En'e shi ne ƙashin bayan mulkin Turawa a Arewa. Sarki ne ke riƙe da kotu da 'yan doka da gidan yari da baitulmali, Razdan da Di'o suna bayansa. Doka ta ɗauki manyan sarakuna a matsayin hukuma su kaɗai, ba dole su bi shawarar 'yan majalisarsu ba. Yawancin wakilan da ke zauren ma'aikatan En'e ne, ta hannunta suka zo, daga gare ta suke karɓar albashi. Shi kansa Abubakar haka yake.

Ya miƙe ya gabatar da ƙudirin neman a kafa kwamiti mai zaman kansa da zai binciki tsarin, ya ba da shawarar yadda za a gyara shi ya dace da zamani. Ya yi magana a kan cin hanci da toshiyar baki da suka zama ruwan dare. Ya nuna cewa talaka bai san haƙƙinsa ba, ba a kuma jin ta bakinsa a kan yadda ake mulkinsa. Ya ja hankali cewa ikon da aka tara a hannun mutum ɗaya bai dace da tsohon tsarin shawara da aka gada ba.

Abin lura shi ne yadda ya tsara maganar. Bai kama sunan wani sarki ba. Bai nemi a rushe sarauta ba. Ya gabatar da gyaran a matsayin abin da zai tsare martabar sarautar kanta idan zamani ya juya. Abin da ya nema kuma ƙarami ne a ido, bincike kawai, wanda zai yi wuya mai gaskiya ya ce ba ya so. Ya san mutanen da ke gabansa, ya san abin da suke tsoro, sai ya buɗe musu hanyar da za su goyi bayansa ba tare da sun zama 'yan tawaye ba.

Ƙudirin ya wuce da tazarar ƙuri'a ɗaya tak. Sarakuna da dama ba su ji daɗi ba, wasu Turawan ma haka. Amma gwamnati ta sa jami'anta biyu, Maddocks da Pott, su duba lamarin. A 1952 aka sauya doka, sarki ya koma yin mulki tare da majalisarsa, a 1954 kuma aka kafa sabuwar Dokar En'e. Gyaran bai kai yadda masu tsattsauran ra'ayi suka so ba, amma ƙofa ta buɗe.

A cikin wannan wata na Agusta ne aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya zama jagoranta. Ciwo ɗaya tsofaffin abokan biyu suka gani. Aminu ya ɗauki maganar zuwa kasuwa da dandali, da ba'a da habaici da misalan da talaka ke ganewa nan take. Abubakar ya kai ta cikin zauren masu iko, da lafazin da za su iya haɗiyewa. Kowannensu ya zaɓi harshen da ya dace da masu sauraronsa.

Mutumin da ya sauya ra'ayi a bainar jama'a

A farkon shigarsa majalisar ƙasa, Abubakar bai yarda Najeriya ƙasa ɗaya ce da gaske ba. Ya fito fili ya nuna cewa haɗewar da aka yi a 1914 a takarda kawai take. A babban taron tsarin mulki na Ibadan a 1950 yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata sai Arewa ta samu rabin kujerun majalisar tsakiya, kuma ta samu.

Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, daga baya Ministan Sufuri. A 1955 ya je Amurka don nazarin yadda ake sufuri a Kogin Mississippi, da nufin amfani da darasin a kogunan Neja da Binuwai. Abin da ya gani na mutane masu asali daban-daban da suka zama ƙasa ɗaya ya taɓa shi. Ya dawo yana mai imani da haɗin kan Najeriya, bai kuma ɓoye cewa ya sauya ba. Wannan ya ƙara masa kwarjini ko a wurin 'yan Kudu da suka sha musu da shi, domin sun san abin da ke zuciyarsa yake faɗa.

A 1957 ya zama Firaminista. Shi ne mataimakin shugaban jam'iyyar NPC, Sardauna kuma ya zaɓi ya zauna a Kaduna a matsayin Firimiyan Arewa. Abubakar ya kafa gwamnatin haɗaka da ta ƙunshi manyan jam'iyyun ƙasar uku. Bayan zaɓen 1959 NPC da NCNC suka kafa gwamnati, ya ci gaba da riƙe muƙaminsa.

Jawabai huɗu, wurare huɗu

Ranar 1 ga Oktoba 1960, a Filin Sukuwa na Legas wanda yanzu ke ɗauke da sunansa, ya karɓi takardun 'yancin kai daga hannun Gimbiya Alexandra, wakiliyar Sarauniyar Ingila. Ranar murna ce, kuma da ya so da ya zuga taron da zagin Turawa ya sha tafi. Bai yi haka ba. Ya amsa cewa jiran ya yi tsawo, ya nuna cewa jinkirin ya sa an kafa tushe mai ƙarfi, ya gode wa waɗanda suka yi wa ƙasar aiki, 'yan gida da baƙi, ya kuma tuna wa mutane nauyin da ya hau kansu. Har yau akwai masu ganin ya cika sassauci ga 'yan mulkin mallaka a wannan jawabi. Su ma ba sa musun cewa ya faɗi abin da ya yi niyya, kowa kuma ya fahimta.

Kwana shida bayan haka, ranar 7 ga Oktoba, ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a New York, ranar da Najeriya ta zama mamba ta 99. Ya jera manufofin ƙasarsa a fili: zaman lafiya da kowace ƙasa, rashin kwaɗayin ƙasar wani, ƙin bin wani ɓangare na manyan ƙasashe ido rufe, da aiki tare da sauran ƙasashen Afirka har waɗanda ke ƙarƙashin mulkin mallaka su samu 'yanci. Daga nan ya shiga batun rikicin Kwango, wanda shi ne ke damun zauren a lokacin. Bai ɓata lokaci yana yabon kansa ba, ya tafi kai-tsaye ga abin da masu sauraro suka zo ji.

A watan Yuli na 1961 ya ziyarci Amurka bisa gayyatar Shugaba John Kennedy, ya yi jawabi a Majalisar Wakilan ƙasar. Bidiyon wannan ziyara na cikin waɗanda suka fi yawo a wayoyin matasa a yau.

A watan Mayu na 1963 shugabannin Afirka suka taru a Addis Ababa. Kwame Nkrumah na Ghana, wanda shi ma gwanin magana ne mai tayar da tsikar jiki, ya nemi a kafa gwamnati ɗaya ta Afirka nan take. Abubakar ya bi ta wata hanya. Ya tsaya a kan cewa ƙasashe duk daidai suke, babba da ƙarama, kada wata ta tsoma baki cikin harkar wata, a mutunta iyakokin da ake da su, a fara da abubuwan da za a iya yi kamar hanyoyin sadarwa da ciniki. Yarjejeniyar da ta kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ranar 25 ga Mayu ta fi kusa da matsayinsa.

Wanda ya kalli waɗannan faifai zai ga cewa shi ma yakan riƙe rubutaccen jawabi. Bambancin shi ne ya san abin da ke cikin takardar kafin ya hau mumbari. Yana ɗago kai. Ba ya ihu, ba ya yawan wurgi da hannu. Kowace kalma tana fita cikakkiya, yana ba ta lokaci ta sauka kafin ya ɗora wata.

Inda murya ta kasa

Tarihinsa ba zai cika ba idan aka tsaya a nan. Daga 1962 ƙasar ta shiga rikici bayan rikici. An yi rigimar jam'iyyar AG a Jihar Yamma, har gwamnatinsa ta kafa dokar ta-ɓaci a can. An yi taƙaddamar ƙidayar jama'a ta 1962 da 1963, da yajin aikin gama-gari na 1964, da tarzomar ƙasar Tibi. Zaɓen tarayya na Disamba 1964 ya kawo saɓani tsakaninsa da Shugaban Ƙasa Nnamdi Azikiwe, wanda ya yi kwanaki kafin ya kira shi ya kafa gwamnati.

Zaɓen Jihar Yamma na Oktoba 1965 ya zo da zargin maguɗi mai yawa, aka shiga ƙone-ƙone da kashe-kashe. Mutane suka zuba ido su ga matakin da Firaminista zai ɗauka. Wannan karon bai kafa dokar ta-ɓaci ba, kuma gwamnatin da ake zargi ƙawar jam'iyyarsa ce. Masu sukarsa suka ce natsuwar da ake yabonsa da ita ta koma jan ƙafa. Masu kare shi suka ce hannunsa a ɗaure yake, domin ƙarfin jam'iyya yana Kaduna, tsarin mulki kuma ya ba jihohi iko mai yawa. Ko wanne ne gaskiya, mutanen da gidajensu ke ci da wuta sun daina jin daɗin lafazi.

A ranakun 11 da 12 ga Janairu 1966 ya jagoranci taron shugabannin Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila a Legas kan batun Rodeshiya, karo na farko da aka yi irinsa a wajen Landan. Daren 15 ga wata wasu hafsoshin soja suka ɗauke shi daga gidansa. A daren ne aka kashe Sardauna a Kaduna, da Cif Akintola a Ibadan, da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari. Bayan kusan mako guda aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Legas zuwa Abeokuta. An kai shi Bauchi aka yi masa sutura. Yana da shekara 53.

Bai bar dukiyar a-zo-a-gani ba. Hotonsa ne a takardar naira biyar, jami'ar tarayya da ke Bauchi tana ɗauke da sunansa, kabarinsa kuma ya zama wurin da masu ziyara ke zuwa.

Abin da ya rage mana

Yau kusan kowa mai jawabi ne. Ɗalibi yana kare aikin bincikensa, shugabar ƙungiyar mata tana neman tallafi, matashi yana gabatar da sana'arsa ga masu zuba jari, wakilin unguwa yana kai kukan ruwa ko hanya gaban kansila. A gari irin Rido, da ke maƙwabtaka da matatar mai ta Kaduna, sau da yawa al'umma kan buƙaci wanda zai tsaya gaban hukuma ko kamfani ya yi magana a madadinta. Wanda aka tura, idan ya yi zagi za a rufe masa ƙofa, idan ya yi kame-kame za a sallame shi da alƙawari.

Rayuwar Tafawa Ɓalewa tana da abin koyi ga irin wannan wakili. Muryar kyauta ce daga Allah, amma sauran duk aiki ne: shekara biyar na horo a Katsina, fiye da goma a gaban aji, da karatu da rubutu. A 1950 ya shiga zauren Kaduna ya san su wane ne a gabansa, ya faɗi gaskiya mai ɗaci ba tare da cin mutuncin kowa ba, ya kuma nemi abu ɗaya takamaimai da za a iya jefa ƙuri'a a kai. Shi ya sa maganar ta zama doka.

Ƙarshensa kuma gargaɗi ne. Mutane sun saurare shi tsawon shekaru saboda sun ga aikinsa yana bin maganarsa. Da suka ga an yi maguɗi a Yamma ba a ɗauki mataki ba, sai daɗin muryar ya daina isarsu.

Da aka tashi daga bikin nan na Rido, na tambayi mutum uku abin da babban baƙo ya faɗa. Babu wanda ya iya tuna ko abu ɗaya. Saurayin nan kuwa ya tura wa abokinsa bidiyon kafin mu fita ƙofar makarantar.

Allah Ya jiƙan Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, Ya gafarta masa kurakuransa.